Motar da Garba Ya Ƙi Yankawa

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da wasu mutum biyu 'yan unguwarmu da muka biya kuɗin umara tare. Direban da ya ɗauke mu zuwa filin jirgin Kano yana da hannu, ba laifi, sai dai tayarsa ta gaba ta cinye ta yi sumul, kuma tun kafin mu kai Kwanar Dangora na fara yi masa huɗuba a kanta. Ɗaya daga cikin abokan tafiyar ya ce, "Alhaji, ka yi ritaya fa, ka bar bawan Allah ya yi tuƙinsa." Gaskiyarsa ce. Rayuwata ta aiki duk a duba lafiyar motoci na ƙarar da ita, kuma ni ake tasowa idan an yi hatsari in je in auna, in faɗi abin da ya jawo. Aikin ya sake ni, halin bai sake ni ba. Uwargidana kan ce idan na kalli mota ba ita nake gani ba, gawarta nake gani.

Ku da kuka matsa mini in ba ku labarin tafiyar, ku yi haƙuri, ba mai daɗi na kawo muku ba. Niyya biyu na tafi da ita. Ta farko ibada. Ta biyu in sa ƙanena Garba a ido, wanda ya bar gida sama da shekara ashirin, yana Jidda yana gyaran jikin mota. Tun rasuwar Innarmu ban gan shi ba, sai murya, da a kaset, yanzu a waya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na riƙa goya shi a keke zuwa makaranta, kuma har gobe idan ina magana ba ya ɗaga kai.

A filin jirgi mun sha zama. An ce hantsi, aka koma azahar, aka koma bayan la'asar. Mata 'yan kasuwa da suka saba hanyar ko a jikinsu, sun baje a kan jakunkuna sun buɗe dambun nama suna hira, mu masu gajen haƙuri muna ta zarya gaban kanta muna tambayar abin da ba wanda ya sani. Da muka sauka a can aka buɗe ƙofar jirgi, iskar da ta tare mu kamar an ɗaga murfin tukunya ce, zafi da danshi tare. Ban saba da zafin da ke jiƙa mutum tun bai motsa ba.

Batun ibada ba zan tsawaita ba, tsakanina da Ubangijina ne, kuma na roƙa muku abin da kuka ce in roƙa. Makka dai ta cika ta batse, ko'ina ana rushe gini ana tayar da wani. Shayi riyal ɗaya, shinkafa da rabin kaza riyal goma, kuma mutum biyu sai su ƙoshi su bari. Abokan tafiyata suka wuce Madina, ni na nemi tasi zuwa Jidda. Direban ɗan Yaman ne, hannu ɗaya waya, ɗaya kofin shayi, sitiyarin kuwa gwiwa ce ke kula da shi. Ban ce masa uffan ba, don Larabcina bai wuce na sallah da na ciniki ba.

Titunansu dai sai wanda ya gani, ba rami ba gargada, kuma a ganina shi ne ma ya ɓata su. Mu rami ke hana mu gudu, su ba abin da ke hana su. Manyan jif-jif masu tsayin hanci su suka cika gari, kuma na ƙirga da idona waɗanda suka keta jar danja a mahaɗa har na gaji na daina. A wani shataletale na ga ƙaton dutsen siminti da aka cuccusa motoci na gaske a jikinsa, wata ta shiga da kai, wata da baya. Direban ya nuna mini yana dariya. An yi shi ne don ya zama gargaɗi, amma ya zama wurin da ake rage gudu a kalla, sannan a sake takawa.

Garba yana zaune a Sharafiyya, unguwa mai cunkoso, shago jikin shago, na'urar sanyi a kowace taga tana ɗigo wa masu wucewa ruwa a ka. A bakin bene ya tare ni. Na bar saurayi mai ƙirar ƙarfi, na tarar da dattijo mai furfura a gemu, ya ɗan rankwafa, hannayensa duk tabon walda. Ya durƙusa zai gaishe ni na ɗago shi, sai ni na ce ya rame, shi kuma ya ce na yi ƙiba. Matarsa Rabi, 'yar Maraɗi, ta yi mini tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ce kukar ta fi nama tsada a garin. 'Ya'yansu uku duk a nan aka haife su, ba wanda ya taɓa taka Najeriya ko Nijar. Babbar, Hafsa, ta zama budurwa, tana jin duk abin da na faɗa, amma idan za ta amsa sai ta faro da Hausa ta ƙare da Larabci. Na ji sonsu ya kama ni nan take, na kuma ji takaicin shekarun da ban san su ba.

Da safe muka karya da wake dafaffe da suke ce wa ful, da faffaɗan burodin tanda mai zafi, muka tafi garejin. Yana can unguwar masu gyara da suke kira Sina'iyya, layi-layi na rumfunan kwano, ƙarar guduma ta ko'ina. Garejin na kafilinsa ne, wato Balaraben da ya tsaya masa, wanda da sa hannunsa ake sabunta masa iƙama, takardar zama. Garba da matarsa da yaran duk a kan wannan takarda ɗaya suke rataye. A hanya ya faɗa mini cewa ta kusa ƙarewa, ana jiran kafilin ya sa hannu kamar yadda ya saba. Ya ce mutumin kirki ne, shi ya biya asibiti lokacin haihuwar autarsu, bai taɓa riƙe masa albashi ba. A garejin kowa mu'allim yake ce wa Garba, mai fenti ɗan Bangaladash da mai wayarin ɗan Sudan duk sai sun tambaye shi kafin su taɓa abu. Na ji daɗin ganin haka.

A can ƙurya ya yaye wani tamfol. Wata 'yar mota ce ruwan ɗorawa, irin ta gudu, kujera biyu, rufin yadi, tsayinta bai kai mini ƙugu ba. Ya buɗe ƙofar ya ce in shiga. Sai na ga dokin ƙofar, wato gindin da ake tsallakawa, ya taso sama sosai, ga faɗi, kujerar kuma tana can ƙasa a bayansa. Na zura ƙafa ɗaya, babbar rigata ta naɗe, na faɗa ciki kamar buhu. Fitowa kuwa sai da aka kamo ni.

Garba ya yi murmushi ya ce, "To ka ga mushkilar, Yaya. Ta kafilina ce. Ya haura hamsin, ga tumbi ga ciwon gwiwa, ga farar jallabiya. Duk shiga sai ta yi baƙi ko ta yage. Ya ce in yanke wannan dokin ƙofar in saukar da shi daidai da na kowace mota, in cire ƙarfen da ke cikin ƙofar don ta yi sauƙi."

Na durƙusa na leƙa, na ƙwanƙwasa. Bari in yi muku bayani yadda na fahimta, ku da ba ku sha ganin abin da na gani ba. Mota idan aka buge ta ta gaba, akwai inji da hancinta da za su sha dukan kafin ya iso ga mutum. Ta baya akwai but. Amma ta gefe, tsakanin haƙarƙarin direba da hancin motar da ta taho, abin da ke akwai bai fi taƙi ɗaya ba. Mafi munin gawarwakin da na tsaya a kansu a mahaɗar titi aka yi su, motar kuma idan ka hango ta ɗaya gefen sai ka rantse ba abin da ya same ta. Shi ya sa a ƙasashen da ake ƙera motoci doka ta tilasta gwaji kafin a sayar. Sukan zaunar da mutum-mutumi a ciki, su sako wani amalanken ƙarfe mai nauyi ya daki ƙofar, sannan su duba ko abin da ƙirjinsa da ƙugunsa suka sha ɗan Adam zai iya tashi bayansa. An taɓa nuna mana a majigi a wani kwas a Kaduna, ban manta ba.

Babbar mota tana da ginshiƙi tsakanin ƙofofi da rufin ƙarfe, su raba dukan a tsakaninsu. Wannan ba ta da rufin kirki, ga ta kwance a ƙasa. Masu ƙirar sai suka yi shasinta, wato ƙashin da komai ke zaune a kai, kamar kwale-kwale, direba yana zaune a ciki, gefunan kwale-kwalen su ne wannan dokin ƙofa da ya dami kafilin. Sandar da ke cikin ƙofa ita ce ke tare abin da ya zo ta sama da shi. Ba don su wahalar da masu tumbi suka ɗaga shi ba, da shi motar ta ci jarrabawar. Kuma shi ke riƙe gabanta da bayanta, idan aka yanke shi motar ta rasa ƙarfin jikinta ko ba a buge ta ba.

Garba ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa, sannan ya ce duk ya sani, ko bai ga majigi ba ya ga abin da ake jawowa garejin. Ya ce da farko ya yi tunanin ya yanka ya sa bututun ƙarfe ta ƙasa ya yi walda. Da ya kankare sai ya ga ba ƙarfe ba ne, alminiyam ne, kuma ba walda aka yi ba, da wani irin gam aka manne shi a masana'anta. Gudumarsa da waldarsa ba su da aiki a nan, in an yanka an yanka ke nan.

Na ce, "To ka faɗa masa ba za ka yi ba?"

Ya ce, "Yaya, nan ba a ce wa kafili a'a. Bukra ake ce masa, gobe in sha Allahu. Na ce faifan yanka irin nata sai an kawo daga waje. Da aka kawo na ce fentinta babu a kasuwa. Na san shi, mota ba ta shekara a hannunsa. Kafin sallah zai ga wata, ya kai wannan kasuwar gwanjo, halas, shi ke nan. Shi ma ina jin ya san jan sa nake yi."

Raina ya ɓaci. Ni da na yi aiki da ƙa'ida, in mota ba ta da birki in ce ba ta da birki ko ta wane ce, wannan a wurina tsoro ne aka sa wa rigar ladabi. Na faɗa masa haka, na ƙara da cewa ba haka aka tarbiyyantar da mu ba. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Yaya, ka bar shi a hannuna." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na san karin maganar tun ina yaro, amma ranar ban tuna da ita ba.

Washegari da hantsi ina zaune a garejin ina shan shayi sai ga kafilin da abokansa biyu, ya kawo su su ga motar. Kyakkyawan mutum ne, mai fara'a, ƙamshi na tashi. Ya buɗe ƙofar zai nuna musu, ya tattare jallabiya ya zura ƙafa, gwiwar ta ƙi, ya maƙale rabi ciki rabi waje. Abokan suka tuntsire da dariya, shi ma ya yi, amma ta baka ce. Da ya fito, gefen rigar ya yi baƙi. Garba ya gabatar da ni, ya ce yayansa ne, tsohon ma'aikacin gwamnati mai duba motoci. Mutumin ya juya ya gaishe ni da Turanci mai kyau, ashe a Amurka ya yi karatu, abokan ma suna ji.

Tun da na sauka ƙasar bakina a ɗaure yake, sai ga wanda zai fahimce ni. Na saki baki. Na yi musu bayanin amalanken ƙarfe da mutum-mutumi, na tsaya jikin motar na gwada musu inda hancin jif zai sauka, na ce da wannan dokin ƙofar ma sai addu'a, balle babu shi. Suna ta gyaɗa kai, ni kuma daɗi na ƙara kama ni. Garba ba ya jin Turanci, yana gefe yana murmushi, yana ganin yayansa na hira da manya. Sai na rufe da abin da nake ganin yabo ne. Na ce ƙanena gwani ne mai tsoron Allah, ya san haɗarin, ba zai taɓa yanka motar nan ba, shi ya sa ma yake ta ce wa kafilin gobe.

Ɗaya daga cikin abokan ya kalli kafilin ya ɗan murmusa. Kafilin ya juya ga Garba, ya maimaita masa da Larabci abin da na faɗa, a hankali, a gaban baƙi da duk ma'aikatan garejin, sannan ya tambaye shi ko gaskiya ne. Na ga fuskar Garba ta sauya. In ya ce ƙarya ne, ya ƙaryata yayansa a bainar jama'a. In ya ce gaskiya ne, ya amsa cewa wata da watanni yana wasa da hankalin ubangidansa. Gaba kura, baya sayaki. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kai ƙasa, ya ce gaskiya ne. Kafilin ya ce to yau zai yanka ko ba zai yanka ba. Garba ya ce ba zai iya ba.

Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ba ni hannu ya yi mini godiya a kan bayanin, ya ce wa ma'aikata yalla, wato maza-maza, suka tura motar suka tsallaka titi da ita zuwa wani gareji da ke kallon namu. Kafin a kira azahar muka fara jin ƙarar giranda, injin yankan ƙarfe, daga can. Garba ya wanke hannu, ya goge, ya ce, "Yaya, mu je mu ci abinci." Muka shiga wani gidan abincin 'yan Yaman, aka kawo mana shinkafa da naman rago a faranti ɗaya, ƙamshi har waje. Muka yi ta juya ta da hannu, aka ɗauke kusan yadda aka kawo.

Saƙon bai daɗe ba. Mai wayarin nan ɗan Sudan aka aiko, ya zo gida yana ta kame-kame. Ba za a sabunta iƙama ba, kuma kafilin ba zai sake shi ya koma hannun wani ba. Za a buga masa fita ta dindindin, a ba shi lokaci ya tattara iyalinsa. Rabi tana bakin ƙofar kicin ta ji komai. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kuma canza mini fuska ba, abincina yana zuwa a kan lokaci da "Yaya, ga ruwa". Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Yaran aka ce kada a faɗa musu tukuna, amma gidan ɗaki biyu ne, ba abin da ke ɓoyuwa.

Aka shiga neman mai ba da baki. Garba ya kai ni Balad, tsohon garin, wurin wani dattijo Bahaushe ɗan Chadi mai sayar da turare da tasbaha, wanda ake cewa Larabawa na jin maganarsa. A wani lokacin da na more kallon wurin. Dogayen gidaje ne na farin dutsen teku, tagoginsu na katako masu sassaƙa sun leƙo kan lungu, wasu sun karkata an tokare su da gungume. Kyanwoyi ko'ina, ƙamshin gahawa da warin kwata suna gasa, kuma kowane lungu ka shiga sai ka ji Hausa, ta Kano, ta Damagaram, ta waɗanda aka haifa a nan mai fitowa daga maƙogwaro. Dattijon ya saurare mu yana jan carbi. Da aka zo inda na yi magana, ya dube ni ya ce, "Alhaji, a gaban abokansa?" Na ce e. Ya ce Allah ya kyauta, zai gwada. Ya gwada ɗin, ya dawo ya ce mutumin ya ce sai dai haƙuri.

Na ce ni na ɓata, ni zan je. Gidan kafilin yana Safa, sabuwar unguwa, tituna miƙaƙƙu, manyan kantuna, ba mai tafiya a ƙasa sai mu. Ya karɓe ni da mutunci, aka zuba mini gahawa a ɗan ƙaramin kofi, aka kawo dabino. Na ba shi haƙuri iyakar iyawata, na ce Garba bai aike ni ba, bai ma san abin da nake faɗa ba, na ce akwai yara uku da ba su san wata ƙasa ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi ba yaro ba ne, tun gobe ta biyu ya gane Garba ba ya son aikin, kuma ya ƙyale shi, don mutum yana da haƙƙin ya ja lokaci. Da sun tafi a haka, da wataƙila shi ma ya haƙura. Amma an faɗa a gaban abokansa da yaransa na gareji cewa ma'aikacinsa yana juya shi, kuma ma'aikacin ya amsa. Ya ce idan ya bar Garba, gobe ba wanda zai ji maganarsa a wurin. Ya ce ya ji zafin abin shi ma, amma halas.

Da zan fita na ga motar a bakin ƙofa. An yanke, an saukar, an lulluɓe, an fesa fenti, sai sheƙi take. Na durƙusa na shafa, ban ji ko tudu ba. Aikin ya yi kyau, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Wata rana zai gaji da ita kamar yadda Garba ya ce, ya kai ta gwanjo, wani ya saya ya ɗauki matarsa ko ɗan'uwansa, bai san an cire abin da ke tsakaninsu da hancin jif ba. Na buɗe baki zan sake magana, na tuna inda maganata ta kai mu, na rufe. Har yanzu ban san ko shirun nan daidai ne ba.

Wasu sun ba Garba shawara ya ɓace cikin gari, ya ci gaba da aiki a ɓoye kamar yadda mutane da yawa ke yi. Ya ce ya tsufa da tsallake katanga, kuma ba zai mayar da 'ya'yansa masu leƙen taga duk lokacin da mota ta tsaya ba. Ya fara sayar da kayan gida tun ina nan. Firij aka fara ɗauka.

Ranar komawata na sake haɗuwa da abokan tafiyata a filin jirgi, sun sha Madina sun yi fes, kaya niƙi-niƙi, dabino da zamzam da bargo. Suna ta tambayata me na sayo, na ce ban samu zuwa kasuwa ba. Garba ya rako ni har inda ake tsayar da 'yan rakiya. Na so in ce ya yafe mini, kalmar ta yi mini nauyi, yaya ba ya saba faɗa wa ƙane haka, amma na faɗa. Ya ce, "Haba Yaya. Da ma ba zan yanka ba, ko kana nan ko ba ka nan. Hanyar ce kawai ta bambanta." Sannan ya tambaye ni ko sashen Inna yana nan ko an ba wani.

Mun sauka Kano lafiya, muka iso Zariya, 'yan unguwa suka yi ta zuwa barka da dawowa. Tun washegari na kira magini. Sashen Inna rufinsa ya zube ta gefe ɗaya, yanzu ana kan gyara, an ja wuta, na kuma fara tambayar makarantar da za ta karɓi yaran da ba su iya karatun boko da Turanci ba. Na zaga wurin masu gyaran mota ko akwai mai neman gwani, kowa ya ce kasuwa ba ta tafiya.

Abin da na koyo ba shi da yawa, kuma na biya shi da abin da ba nawa ba. A kan motar ban yi kuskure ba, ko yau aka tambaye ni zan ce kada a yanka. Amma gaskiyata ba ta hana a yanka ba, gidan ƙanena kawai ta tayar. Shi da hanyarsa da na raina, wata da watanni ya hana giranda taɓa motar, ni a hantsi ɗaya na miƙa ta. Duk wanda zai je garin da ba nasa ba, kafin ya buɗe baki ya tambayi wanda zai ci gaba da kwana a garin bayan shi ya hau jirgi.

Shekaranjiya Garba ya kira ya ce an buga musu fitar, suna jiran jirgi. Ya ce Hafsa na son magana da ni. Ta gaishe ni a hankali, tana lallaɓa Hausar kada ta zame mata, ta tambayi jikin uwargidana da aikin ginin. Sannan ta ce, "Baffa, a nan takari suke ce mana. A can me za a ce mana?"

Takari sunan raini ne da ake kiran baƙi irinmu a can. Na san amsar, don na sha jin sunan da ake kiran waɗanda aka dawo da su, ni ma na taɓa faɗa ina dariya. Na ce mata, "'Yata za a ce miki." Ta ce to, ta miƙa wa babanta wayar.